Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙanena Ya Daina Shan Giya, Amma Har Yanzu Yana Tare da Mashaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙane da yake tuƙin tasi a birnin New York na Amurka. Ya bar gida da tarbiyyarsa, amma bayan rasuwar mahaifiyarmu sai ya faɗa shan giya, har aurensa ya mutu, daga bisani kuma 'yan sanda suka kama shi yana tuƙi a buge. Alƙali ya umarce shi da ya riƙa halartar zaman wata ƙungiya ta masu son daina shan giya da ake kira Alcoholics Anonymous. Wa'adin da kotu ta ɗibar masa ya daɗe da cika, ya kuma shaida mini cewa ya haura shekara guda bai kurɓa ba, amma bai daina zuwa ba. Hankalina bai kwanta ba, domin a wani ɗaki da ke ƙarƙashin coci suke taruwa, kuma yana da wani Bature da yake kira jagoransa, wanda yake buga wa waya kowace safiya. Kwanan baya ya kira ni yana kuka, ya ce kuɗin da na taɓa tura masa ya sayo mini mota, waɗanda ya ce an damfare shi, a giya suka ƙare, kuma ya fara biya na kaɗan-kaɗan. Yanzu shi ne mai dafa musu kofi, har asibiti yake bin masu maye cikin dare. Malam, anya ba addini ake canja masa ba? Kuma me zai sa wanda ya tuba ya ci gaba da zama da mashaya? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya ƙara wa ƙanenki lafiya da ƙarfin zuciya. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ginshiƙin al'amarin, kuma ba za a fahimce ta ba sai an waiwayi yadda ƙungiyar ta samo asali.

A watan Disamba na 1934 aka kwantar da wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson a wani asibiti a New York, bayan giya ta cinye masa sana'a da mutunci, har likitansa William Silkworth ya fara fidda rai da shi. Daga wannan kwanciya bai sake sha ba. Da ya fito sai ya duƙufa wajen yi wa mashaya wa'azi, ya shafe watanni yana kwaso su daga tituna da asibitoci, amma ko ɗaya daga cikinsu bai shiryu ba. Da ya karaya, matarsa Lois ce ta nusar da shi abin da ya kasa gani, wato a duk tsawon lokacin da yake ɗawainiya da waɗannan mutane, shi kansa bai taɓa kwalba ba. Likitan kuma ya ba shi shawarar ya rage wa'azi, ya riƙa ba su labarin ciwon kamar yadda ya ɗanɗana shi a jikinsa.

A watan Mayun 1935 wata harkar kasuwanci ta kai shi garin Akron a jihar Ohio, harkar kuma ta rushe. Ya tsinci kansa shi kaɗai a zauren otal ɗin Mayflower, ba kuɗin kirki a aljihu, yana jiyo shewar mutane daga mashayar otal ɗin, zuciyarsa na raya masa ya shiga ya ɗan sha ko da kofi guda. Maimakon haka sai ya nufi inda wayar tarho take, ya yi ta kiran mutanen da bai sani ba yana neman a haɗa shi da wani mashayi, har aka kai shi ga wani likitan tiyata, Dokta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Dokta Bob ya yarda ya ba shi minti 15 kacal, shi ma don matarsa ta matsa masa, amma sai da suka shafe kusan awa shida suna magana. Abin da ya ja hankalin likitan shi ne, baƙon nan bai zo da niyyar cetonsa ba, ya fito fili ya gaya masa cewa shi ne yake buƙatar wannan hira don kada ya koma ruwa. Bayan 'yan makonni Dokta Bob ya sake zamewa a wani taron likitoci, kuma a safiyar da zai yi wa wani tiyata sai da Bill ya ba shi kwalbar giya guda don hannunsa ya daina karkarwa. Da ya gama aikin bai dawo gida ba sai dare, domin ya bi gari yana neman gafarar mutanen da ya ɓata wa. Wannan kwalba ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa har ya rasu a 1950, kuma ranar, 10 ga Yunin 1935, ita ƙungiyar ta ɗauka a matsayin ranar kafuwarta.

To Hajiya, kin ga dalilin da ya sa ƙanenki yake tashi cikin dare ya tafi asibiti. A fahimtar mutanen nan, hidimar da mai murmurewa yake yi wa sabon shiga wani ɓangare ce ta maganinsa shi kansa, kuma wannan ne mataki na ƙarshe a cikin matakai 12 da suka wallafa a littafinsu na 1939. Babbar musibar mashayi ita ce mantuwa. Da zarar ya yi wata uku jikinsa ya murmure, aljihunsa ya ɗan yi nauyi, sai zuciya ta fara kawo masa daɗin kofin farko, ta ɓoye masa amai da ɗakin 'yan sanda da hawayen 'ya'yansa. Mutumin da yake zama kowane mako a gaban wani da hannunsa ke rawa har ya kasa riƙe kofin shayi, da wuya wannan mantuwa ta yi galaba a kansa. Shi kuwa dafa kofi da jera kujeru, kada ki raina shi. Wanda ya shekara da shekaru yana saɓa alkawari, har danginsa suka daina ba shi ko saƙon kasuwa, yau an damƙa masa makullin ɗaki an ce ranar kaza ƙarfe bakwai mutum talatin za su zo su tarar da ƙofa a buɗe. Yakan zo ko da ransa ba ya so, don kada a tsaya a waje saboda shi, kuma sau da yawa wannan zuwan ne yake tsallakar da shi daga mugun dare. Ki kuma lura, mashayan da yake zama da su sun taru ne don su daina, wanda ya sha bamban da komawa majalisar tsoffin abokansa.

Batun coci kuwa, fargabarki tana da tushe, ba zan ce miki babu komai ba. Waɗanda suka kafa ƙungiyar Kiristoci ne, kuma sun fito ne daga wata tafiya ta Kirista da ake kira Oxford Group kafin su raba gari da ita. Har gobe akwai tarurruka a Amurka da ake rufewa da addu'ar Kirista. Sai dai ita ƙungiyar ba ta ƙarƙashin kowane coci. Hayar ɗaki suke yi saboda araha, suna biya daga ɗan abin da suke jefawa a kwando yayin zama, domin ƙa'idojinsu 12 da suka amince da su a taron Cleveland na 1950 sun hana su karɓar tallafi daga waje, sun hana su jingina da wata ɗariƙa ko jam'iyya, sun kuma ce sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato mutum ya kasance yana son daina sha. A cikin matakan ma, inda aka ambaci Ubangiji an bar wa kowa ya nufi wanda yake bauta wa bisa fahimtarsa. Don haka Musulmin da ya san tauhidinsa, idan ya zo matakin miƙa al'amarinsa ga Mahalicci, Allah Shi kaɗai yake nufi, idan aka fara addu'ar da ba tasa ba kuma ya yi shiru, ko ya nemi wani zaman, tun da a birni kamar New York tarurrukan suna da yawan gaske. Musulmin Amurka ma sun kafa tasu mai suna Millati Islami a Baltimore a 1989, inda suka tsara matakan bisa Alƙur'ani da Sunna, a Iran kuwa ƙungiyar Narcotics Anonymous, wadda take bin wannan tsari don masu shan ƙwaya, tana gudanar da dubban tarurruka. Ma'aunin da zan ba ki mai sauƙi ne: ki tambaye shi sallarsa. Idan a da giya ta raba shi da asuba, yanzu kuma yana tashi, to kin sami amsarki.

Jagoran da yake kira kowace safiya ba limami ba ne, ba likita ba ne, kuma ko sisi ba a biyansa. Tsohon mashayi ne da ya riga shi bin matakan, ya yarda ya riƙe hannunsa har ya bi su shi ma. Amfaninsa shi ne ba a iya yi masa irin ƙaryar da ake yi wa dangi. Idan ƙanenki ya ce miki ya biya ta wata unguwa ne don ya ɗauki fasinja, ke za ki yarda, shi kuwa zai tambaye shi ko shagon da ya saba sayen giya yana kan wannan layin, domin shi ma ya taɓa shirya wa matarsa irin wannan labari. Bisa al'adarsu namiji yakan ja namiji, mace ta ja mace, kuma mutum yana da damar sauya jagora duk lokacin da ya ga dama. Akwai iyakoki da ya kamata ƙanenki ya sani. Duk jagoran da ya fara neman rance a wurinsa, ko ya ce ya daina shan maganin da likita ya rubuta masa, ko ya nemi raba shi da danginsa ko masallacinsa, to ya wuce gona da iri, kuma ya saɓa wa abin da ƙungiyar kanta take koyarwa. Da yake babu shugaba mai hukunci a cikinsu, nagari da mugu duk suna iya shiga ɗaki ɗaya, wannan kuma rauni ne na gaske a tsarin, wanda ba na jin ya kamata a ɓoye shi.

Kiran da ya yi miki a kan kuɗin mota yana daga matakai na takwas da na tara. Kafin su, a mataki na huɗu, mutum yakan zauna da takarda ya rubuta duk wanda yake ƙullata da duk abin da yake tsoro da duk ɓarnar da ya yi, sannan a na biyar ya karanta wa mutum guda amintacce. A nan ne wasu Musulmi suke turjewa, suna cewa an hore mu da rufa wa kanmu asiri. Gaskiya ne, amma a ganina abin da aka hana shi ne tallata saɓo da alfahari da shi, wanda ya bambanta da kai kuka wurin mutum ɗaya don neman magani, kuma babu wanda yake da'awar yafe zunubi a wannan zama. Tsarin ya ba shi damar zaɓar malami ko likita ya yi wannan magana da shi, don haka idan zuciyarsa tana ɗar-ɗar, ya nemi limamin da ya yarda da shi. Bayan nan ne yake jera sunayen waɗanda ya cuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara, sai fa inda yin hakan zai jawo musu wata sabuwar cuta. Malamanmu sun daɗe suna faɗa cewa tuba ba ta cika idan akwai haƙƙin wani a wuya har sai an mayar ko an nemi yafiya. Shawarata ita ce ki karɓi kuɗin. Na san zuciyar 'yar'uwa za ta so ta ce ya bar shi, amma ki bari ya biya ko da rabi ne, domin da wannan biyan yake sake gina kansa, in ya so daga baya ki yafe sauran.

Wani zai ce, shin akwai hujjar cewa abin yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, wadda take tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da John Kelly na jami'ar Harvard da Keith Humphreys na Stanford da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Sun gano cewa a cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka shigar da su wannan tsari bisa ƙa'ida, kimanin kashi 42 cikin ɗari sun cika shekara ba su sha ba ko sau ɗaya, a kan kimanin kashi 35 na waɗanda aka bi da su ta wasu ingantattun hanyoyin nasiha. Wannan fifiko ne na gaske, amma ki dubi adadin da kyau, za ki ga fiye da rabi sun zame a wani lokaci cikin shekarar. Idan har wata rana kika ji ya zame, kada ki yanke cewa tuban muzuru ya yi. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da ake yawan kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, har wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An zartar masa da hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaci ne mai iyali, kuma na fi shekara goma ina sha a ɓoye. Na yi rantsuwa da Alƙur'ani ba sau ɗaya ba, amma ba na wuce kwana biyu sai jikina ya ɗauki rawa, gumi ya rufe ni, barci ya gagara, sai na koma. A garinmu ban san da wata ƙungiya irin wannan ba, kuma ina tsoron tonon asiri. Yaya zan yi? Daga wani bawan Allah a jihar Bauchi.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka. Kafin maganar kowace ƙungiya, akwai gargaɗin da ya zama wajibi in yi maka: kada ka yanke sha farat ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Rawar jiki da gumin da kake ji alama ce ta cewa ƙwaƙwalwarka ta saba aiki a ƙarƙashin giya, kuma idan aka janye ta kwatsam, jijiyoyi sukan yi tashin da ya wuce kima. Karkarwa takan fara cikin awoyi kaɗan, jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa cikin kwana biyun farko, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu sukan shiga ruɗewa da gane-gane da sambatu da zazzaɓi, yanayin da yake iya kisa. A wurarenmu akan ɗauka iska ce ta taɓa mutum, a rufe shi ana hayaƙi, alhali gado yake buƙata a asibiti. Likitoci suna da magungunan da suke saukar da jiki da su a hankali cikin 'yan kwanaki, tare da sinadarin bitamin B1 da yake kare ƙwaƙwalwa, akwai kuma irin su naltrexone da ake bayarwa daga baya don rage ƙishirwar sha. Asibitocin tarayya na lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kaduna da Maiduguri da Kware a Sakkwato, da sashen masu wannan lalura a manyan asibitocin koyarwa, aikinsu ke nan, kuma riƙe sirrin majinyaci wajibi ne a kan likita. Ka gaya masa gaskiyar yawan abin da kake sha, domin da shi zai auna magani.

Rantsuwarka ba ta karye don ƙarancin imani kawai ba. Kana ɗaukar wa kanka alkawarin har abada, kai kaɗai, a ɓoye, da jikin da yake ciwo. Mutanen wannan tsari ba sa ɗaukar alkawarin da ya wuce na yini guda, gobe kuma su sake ɗauka. Bayan ka fito daga hannun likita, akwai tarurrukan Alcoholics Anonymous da ake yi ta intanet dare da rana, inda za ka iya shiga da sunan farko kawai, ka rufe kyamara, ka saurara har sai ka ga dama ka yi magana, ko da yake galibinsu da Turanci ake yi. Daga nan kana iya samun jagora ta waya. Sannan ka roƙi likitanka ko ma'aikacin jinyar sashen, idan akwai wani majinyaci da yake son dainawa kuma ya amince, ya haɗa ku. Ka tuna da mutum biyu aka fara a Akron, kuma cikin wannan watan na Yunin 1935 suka tafi asibitin gari suka nemi a ba su wani mashayi su yi masa magana, wani lauya da ya zama na ukunsu. Ina kuma ganin ya dace uwargidanka ta ji daga bakinka kafin ka tafi asibiti, domin da wuya a ce shekara goma ba ta lura da komai ba.

TAMBAYA: Malam, maigidana yana sha kuma ya ce shi ba shi da matsala. Na zubar da kwalabe, na yi kuka, na yi yaji, duk a banza. Zan iya tilasta masa shiga irin wannan ƙungiya? Daga wata uwargida a Kumasi, Ghana.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya kawo miki sauƙi. Ba za ki iya ba, kuma matan waɗanda suka kafa ƙungiyar sun riga ki gano haka. Lois Wilson ta shafe shekaru tana aiki a kanti tana ciyar da mijinta tana rufa masa asiri, kuma ko bayan ya daina ta tarar da cewa ita ma zaman ya bar mata ciwo a zuciya. Shi ya sa a 1951 ita da wata abokiyarta suka assasa Al-Anon, ƙungiyar iyalan mashaya, wadda take koya wa dangi cewa ba su suka jawo shan ba, ba su da ikon juya shi, ba su da ikon warkar da shi. Abin da yake hannunki shi ne ki daina tare masa sakamakon abin da yake yi. Kada ki ƙara kiran wurin aikinsa ki ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kada ki biya masa bashin mashaya daga jarinki, kuma kada ki yi masa magana a kan lamarin sai da safe yana cikin hayyacinsa. Ki sanar da babba guda a danginsa wanda yake jin nauyinsa kuma ba zai yayata ba. Kada ke ko yara ku shiga motarsa idan ya sha. Idan kuwa abin ya kai ga duka, to maganar haƙuri ta ƙare a nan: ki kwashi 'ya'yanki ki tafi gida, a kira waliyyanki da nasa a zauna.